Girma Cikin Almasihu: Da Me Ake Auna Almajiri?

   Batun da aka ɗora mini a wannan taro shi ne girman mai bi cikin ruhaniya da zaman almajiri mai aminci. Magana ɗaya nake so in kafa a yau, zan kuma bi ta kan matakai biyar: girman Kirista a halinsa ake ganinsa, kuma hali yana sākewa ne ta wurin doguwar zama da Almasihu a tsakiyar jama'arsa. Babu gajeriyar hanya. Duk wanda ya yi mana alkawarin gajeriyar hanya, ya kamata mu tsaya mu bincike maganarsa da kyau.

Na farko: cikar majami'a ba ita ce girman masu bi ba

Mu fara da abin da ido yake gani. Ranar Lahadi majami'unmu suna cika har wasu su zauna a waje ƙarƙashin rumfa. Tarurrukan farkawa ba sa yankewa, kwanan addu'a ya zama na kowane wata, ƙungiyoyi suna ɗinka anko suna fita da ganga. Duk wannan abin godiya ne, kada wani ya ji kamar ina rena shi. Amma tambayar da ta dace mu yi ita ce: mutanen nan da suka cika kujeru, suna girma kuwa? Manzo Bulus ya gamu da wannan matsala a Koranti, birnin da ya yi shekara ɗaya da rabi yana koyarwa. A farkon wasiƙarsa ta fari ya shaida cewa babu wata baiwar ruhu da suka rasa. Suna annabci, suna magana da harsuna, suna da masu ilimi. Duk da haka, da ya kai sura ta uku sai ya kira su jarirai, waɗanda har yanzu madara ce abincinsu. Mece ce hujjarsa? Kishi da jayayya da rarrabuwa, kowane rukuni yana tutiya da sunan malaminsa. Ku lura da kyau, 'yan'uwa: baiwa ta cika gidan, amma manzo bai lissafta ta cikin alamun balaga ba. Abin da ya duba shi ne yadda suke zama da juna.

Tarihin nahiyarmu ma ya koya mana wannan darasi da jini. Kafin 1994, ƙasar Ruwanda tana cikin ƙasashen Afirka da Kiristoci suka fi yawa, kusan tara cikin kowane mutum goma. Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994, cikin kwana ɗari, aka hallaka mutane kimanin 800,000. Dubbai sun gudu cikin majami'u irin na Nyamata da Ntarama suna zaton za su tsira, a can aka karkashe su, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da adda mutane ne da aka yi wa baftisma. Kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta sami wasu shugabannin coci da laifi. Hakika an sami masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu har suka mutu tare da su. Waɗannan da waɗancan a majami'a ɗaya suke sujada, waƙa ɗaya suke rerawa. Me ya bambanta su? A wajen wasu, bangaskiya ta shiga har ta fi ƙabila ƙarfi. A wajen wasu kuwa, suna kawai ta canja musu. Mu da muke zaune a ƙasar da ƙabilanci yake shiga har cikin zaɓen dattawan ikkilisiya, ba mu da bakin cewa wannan labarin wasu ne can nesa.

Na biyu: hali shi ne ma'auni

In yawan jama'a da yawan baiwa ba su isa ma'auni ba, da me za mu auna? Ubangiji da kansa ya koyar cewa 'ya'yan itace su ke bayyana irin itacen. A Galatiyawa sura ta biyar, Bulus ya jera abubuwa tara da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa cikin mutum, kuma in kun duba su za ku ga kusan dukansu sai da wani mutum a kusa ake iya gwada su. Ba a sanin mai haƙuri sai an tsokane shi. Ba a sanin mai aminci sai an ba shi ajiya. Ba a sanin mai kamunkai sai abin da ransa yake so yana gabansa kuma babu mai ganinsa. Saboda haka filin jarrabawar almajiri yana can inda yake yini daga Litinin zuwa Asabar. 'Yar kasuwar da take da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ta faɗi jarrabawar ko da ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. Ma'aikacin da ba ya ɗaga takardar mutum daga tebur sai an ba shi na goro, ya faɗi, ko da shi ne ma'ajin ikkilisiya. Magidancin da 'ya'yansa suke ɓuya in sun ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, yana da sauran aiki, ko da addu'arsa tana girgiza majami'a.

Ikkilisiyar farko ta fahimci wannan sarai. Akwai wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya da ake dangantawa da Hifolitus na Roma, na wajen ƙarni na uku, wanda ya nuna cewa mai neman baftisma yakan yi kimanin shekara uku yana koyo. In lokaci ya yi, sai a bincika rayuwarsa: ya girmama gwauraye mata? Ya ziyarci marasa lafiya? Ya yi aikin kirki? Har sana'arsa ana tambaya, domin akwai sana'o'in da sai mutum ya bar su kafin a karɓe shi. Haka kuma labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, yake nuna mana. Ranar da Yesu ya sauka gidansa, tubansa ta taɓa aljihunsa: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Ubangiji ya shaida cewa ceto ya shigo gidan.

Na san wani zai ce, ai Hausawa sun riga sun gama magana: hali zanen dutse ne, ba mai shafewa. Wanda aka haifa da zafin rai, da shi za a binne shi. Akwai gaskiya cikin wannan karin magana, domin da ƙarfin mutum kaɗai hali ba ya gogewa, kuma duk wanda ya taɓa yin alkawari ranar sabuwar shekara ya san haka. Amma bishara ta zo da wata shaida dabam. Yahaya ɗan Zabadi, wanda Yesu ya yi wa laƙabi da ɗan tsawa shi da ɗan'uwansa, shi ne ya nemi izini a sauko da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa don sun ƙi karɓarsu. Shi ne kuma daga baya, tare da Bitrus, ya koma ƙasar Samariya yana ɗibiya wa mutanenta hannu su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Bitrus da ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku saboda tsoro, farkonsu ma a gaban wata baranya, shi ne ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya ƙi yin shiru. Wanda ya halicci dutsen yana da ikon sāke zanen.

Na uku: ana girma ne ta wurin zama da Almasihu

To, ta yaya wannan canji yake faruwa? Markus 3:14 ya ba mu tsarin. Da Yesu ya zaɓi sha biyun, dalili na farko da aka ambata shi ne su kasance tare da shi, aike kuwa ya biyo baya. Kimanin shekara uku suka yi suna cin abinci tare da shi, suna tafiya a ƙafa tare da shi, suna ganin yadda yake amsa wa masu neman kama shi da magana, da yadda yake tashi tun da sauran duhu ya tafi addu'a. Ku tuna da yaron da aka kai maƙera koyon sana'a. Ba a miƙa masa masaba ranar farko. Zugazugi ake ba shi, ya zauna yana zuga, hayaƙi yana shiga idonsa, yana kallon maigidansa yana juya ƙarfe da awartaki cikin gawayi. Watanni suna wucewa kafin idonsa ya gane launin da ƙarfe yake yi in ya isa duka, kunnensa ya rarrabe ƙarar bugun da ya zauna da wanda ya kauce. Babu ranar da zai nuna ya ce yau na zama maƙeri, amma wata rana manomi zai ɗauki fartanyar da ya ƙera ya kasa bambanta ta da ta maigidan. Hannunsa ya ɗauki hannun malaminsa saboda daɗewar zama. Haka almajiranci yake. Shi kansa Bulus, da ya ga haske a hanyar Dimashƙu cikin rana ɗaya, sai da ya tafi Arabiya, shekara uku kuma suka wuce kafin ya hau Urushalima ya gana da Bitrus. Tuba tana iya zuwa farat ɗaya, balaga kuwa sai da shekaru.

A yau muna zama da Almasihu ta wurin Maganarsa, da addu'a, da Jibin Ubangiji, da yin biyayya ga abin da muka riga muka sani. A nan ya kamata mu tuna irin gatan da muke da shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, suka sha. Kakanninmu a ƙasar Filato, da Kudancin Kaduna, da Adamawa, da Tangale, da Maraɗi, manoma ne da suke dawowa daga gona a gajiye su zauna ajin karatu gaban fitilar aci-balbal, suna bin baƙaƙe da yatsa, don su karanta da kansu. Mu kuwa littafin yana cikin wayar hannunmu, har da wanda ake saurare. Wace hujja ta rage mana? Wanda bai iya karatu ba yana iya ji, yana iya haddacewa, jikansa yana iya karanta masa. Wanda ya ce aiki ya yi masa yawa, ya duba lokacin da Facebook da WhatsApp suke ci masa kowace rana. Kaɗan kullum, da tunani a kai da aikatawa, ya fi surori ashirin na ranar da aka ji tsoro.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata in amsa. Wani zai ce, malam, ashe ba ta wurin alheri aka cece mu ba? Wannan maganar horo da naciya, ba komawa ga ayyuka ba ce? Tambaya ce mai kyau, kuma ina so a ji amsar da kyau. Ba mu karatu da addu'a don Allah ya karɓe mu, ya riga ya karɓe mu cikin Almasihu ba da kuɗi ba. Afisawa sura ta biyu, wadda ta fi kowace fayyace cewa ceto kyauta ne, ita ce a aya ta goma ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wasiƙar Titus kuma ta nuna alherin nan a matsayin malami mai horar da mu mu bar rashin tsoron Allah. Abin da alheri ya rushe shi ne fahariya da tunanin cewa mun cancanta. Ƙoƙari kuwa, alheri ne yake haifarsa. Masanin tauhidin nan na Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a kan almajiranci a 1937 yana gargaɗi game da wa'azin gafara da ba ya neman tuba, a lokacin da ikkilisiyoyi da yawa a ƙasarsa suka sunkuya wa Hitila. An rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945. Mutumin da ya san alheri sosai ne ya iya biyan wannan farashi.

Na huɗu: ba wanda yake girma shi kaɗai

A zamanin nan ana ƙara samun masu cewa, ni da Allahna, wa'azin rediyo da na waya ya ishe ni. Amma wa zai tsawata maka in ka kauce? Mai wa'azin cikin waya bai san yadda kake magana da matarka ba. Dubi yadda aka rene manyan bayin Allah. Lokacin da almajiran Urushalima suke tsoron Bulus, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, shi ne kuma ya je har Tarsus ya nemo shi, suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Timoti ya fara shan bangaskiya a gida, wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, kafin Bulus ya ɗauke shi. Afolos, mai iya magana da sanin Nassi, sai da Bilkisu da Akila, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka gyara masa fahimta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, haka kuma zama da mai tsoron Allah yake barin alama.

Ikkilisiyar Arewa da wannan hanyar ta yaɗu. Ƙungiyar Sabon Rai da ta taso a farkon shekarun 1960 ta dogara ne ga ƙananan rukunonin addu'a da kuma talakawan masu bi da suke fita bibbiyu zuwa ƙauyuka. Masu bishara na farko da yawa manoma ne da suka kwashe iyalinsu suka koma wani gari, suka yi noma tare da mutanen wurin, aka ga zamansu kafin a ji wa'azinsu. Iyayenmu na Zumuntar Mata kuwa, ku ne kuka riƙe wannan gado fiye da kowa: ku kuke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, ku kuke zaunar da amarya ku koya mata. Abin da nake roƙo shi ne mu mayar da wannan ya zama da niyya. Ajin baftisma na 'yan watanni bai isa ba in daga ranar da mutum ya fito daga ruwa babu mai sāke tambayarsa yaya tafiyar.

Wani kuma zai ce, na bar zuwa ne saboda abin da na gani wurin shugabanni: rigimar kuɗi, neman muƙami, son kai. Ba zan ce ƙarya kake yi ba, abin baƙin ciki ne, kuma wajibi ne ikkilisiya ta hori shugaban da ya ci amana, komai girmansa. Sai dai ka tuna, cikin sha biyun akwai mai satar kuɗin jaka, amma sauran ba su watse saboda shi ba. Haƙuri da gafara da faɗin gaskiya cikin ƙauna, a ina za ka koye su in ba a tsakanin mutane masu kasawa ba? Wanda ya janye don ya tsare tsarkinsa ya bar makarantar da ake koyon tsarkin.

Na biyar: wahala ita ce take bayyana abin da aka gina

Na ajiye wannan a ƙarshe domin shi ya fi zafi, kuma na san a cikin wannan ɗaki akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu. Yesu bai ɓoye wa mabiyansa farashin ba. A Luka sura ta goma sha huɗu ya umarci mai son binsa ya zauna ya yi lissafi tukuna, ya kuma yi maganar ɗaukar gicciye. Umarnin da ya fi kowane wuya shi ne na ƙaunar maƙiyi da yi masa addu'a. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta sha wannan jarrabawa a idon duniya. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na 2014 kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka shugabanninta suka ci gaba da koyar da zaman lafiya da ƙin ramuwa, agajin da ta raba kuma ya kai ga Musulmin da su ma aka kora daga gidajensu. Irin wannan amsa ba a ƙirƙiro ta ranar da wuta ta tashi. Koyarwar shekara casa'in ce ta fito fili.

Ku dubi kuma Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a wani rikici a 1992. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici, suka fara aikin sulhu tare. Fasto Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru yana wannan aiki alhali ƙiyayya ba ta gama fita daga zuciyarsa ba. Wannan shaida tana da daraja, domin ta nuna gafara aba ce da ake girma a cikinta. Wanda har yanzu yake kokawa da ita kada ya fid da zuciya, ya ci gaba da kawo ciwon gaban Ubangiji.

Matasa sukan tambaya, wannan ba ragwanci ba ne? Mu zauna a yi ta kashe mu? Sam. Gafara ba ta hana neman adalci, ba ta kuma hana tsare rai. Bulus ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Almajiri yana da 'yancin faɗa wa gwamnati gaskiya, ya kai ƙara kotu, ya nemi a hukunta mai laifi, ya kāre iyalinsa. Abin da ba shi da izininsa shi ne ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya tare matafiyi a hanya don addininsa ko yarensa. Ranar da muka yi haka, mun zama almajiran wanda ya cuce mu, domin halinsa muka ɗauka.

Kammalawa

'Yan'uwa, ga abin da nake roƙo mu tafi da shi. Kowa ya tsayar da lokacin Magana da addu'a da zai iya riƙewa kullum. Kowane mai bi da ya daɗe ya ɗauki sabo guda ɗaya ya yi tafiya da shi, kowane sabo kuma ya nemi wanda zai ba izinin tambayarsa gaskiyar rayuwarsa. Majalisun dattawa kuma, in kun zauna lissafin ƙarshen shekara, bayan adadin masu sujada da na baiko, ku ƙara da wasu tambayoyi: gaba nawa aka sasanta, bashi nawa aka biya, marayu nawa aka mayar makaranta? Wanda ya fara wannan aiki a cikinmu mai aminci ne, shi zai kai shi ga kammala.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya, ko ƙarin bayani, ko wanda yake ganin akwai inda hujjata ba ta tsaya ba, ya ɗaga hannu mu tattauna.